JOS KO BAUCHI: A INA ZAN AJIYE AMARYA?

Daga wakilinmu

Tambayar da ta tayar da wannan tafiya gajeriya ce, kuma ba daga bakina ta fito ba. Kwana biyu bayan kawunnaina sun kai kuɗin gaisuwa, sai mahaifin yarinyar ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "To malam ɗan jarida, mun ba ka. Amma a ina za ka ajiye ta?"

Mai karatu, na sha jefa wa jarumai da daraktoci tambayar da ta sa su gumi, amma ranar ni ma na ɗanɗana. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ina kan shawara." Ya ce, "Ita shawara ba ta da rufi, ba a kwana a cikinta. Je ka ka dawo mini da sunan gari."

Ga yadda abin yake. Ni mutumin ƙasar Toro ne a Jihar Bauchi, garinmu yana bakin titin da ya haɗa Jos da Bauchi. Shekara huɗu ke nan ina Kano, ina raɓe a ɗakin wani abokina, ina bin 'yan fim lokeshan ina kawo muku labari. Da don ta ni ne, da Kano zan zauna, tunda can ce cibiyar industiri. To amma Inna ta fara manyanta, ga hawan jini, kuma ni ne babban ɗanta namiji. Ta ce mini ba ta hana ni neman abinci ba, amma tana so in an buga mini waya da daddare in iso kafin gari ya waye. Wannan magana ita ta cire Kano daga lissafi. Saura gari biyu, Jos da Bauchi, masu tazarar kimanin kilomita 130 a tsakaninsu, tafiyar wajen awa biyu a mota.

Duka biyun na san su, ko kuma in ce ina zaton na san su. A Bauchi na yi difloma. Jos kuwa ban san sau nawa na shige ta don aiki ba. Amma garin da ka sani a matsayin ɗalibi, ko ranar biki, ko ranar ɗaukar waƙa, daban yake da garin da za ka biya haya ka sayi gawayi a cikinsa. Don haka na yanke wa kaina doka: kowane gari kwana huɗu, ranakun aiki zalla, kuma ba kwanan otal.

JOS: GARIN DA KYAMARA KE SO

Na shigo Jos daga Kano ta hanyar Saminaka. Tun daga Jengre za ka ji iska ta fara canzawa, direba ya ɗaga gilashi, masu barci su fara lalubar mayafi. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinsa ya yi suna. A watan Disamba da Janairu in ba ka da suwaita da safa, to asubar Jos za ta koya maka hankali. Amma a watannin da sauran Arewa ke kwana a tsakar gida saboda zafi, Bajoshe yana cikin ɗaki da bargonsa. Ga magidanci mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin abu ba ne: ba ka da matsalar fanka, ba ka kwana kana jiran a kawo wuta don ka samu barci.

Kuza ce ta gina Jos. Tun farkon zamanin Turawa ake haƙar ta, ita ta jawo mutane daga ko'ina, Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauransu, suka zo suka tarar da Birom da Afizere da Anaguta. Har yau in ka je wajen Rayfield ko Bukuru za ka ga tafkunan da haƙar ta bari. Wannan cakuɗuwar ita ta haifar da ɗan Jos da muka sani: ga iya ado, ga Hausa mai gauraye da Turanci, ga rashin tsoron baƙo.

A harkarmu kuwa, Jos ba ta buƙatar a yi mata kirari. Nan ne hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, kuma ita ta shirya fim ɗin Kulɓa Na Ɓarna. Nan Makarantar Koyon Fim ta Ƙasa take, nan kuma kwalejin talabijin ta NTA take. Nan marigayi Karkuzu ya yi zamaninsa. Sani Mu'azu, wanda matasa suka fi sani da Gwamna Bawa Maikada na Kwana Casa'in, ɗan Jos ne. Sadiq Sani Sadiq da Nafisa Abdullahi a Jos aka haife su. Ali Nuhu a Jami'ar Jos ya yi digiri. In ka ga hoto ya fito tas a fim ɗin Hausa, bincika, sau da yawa za ka tarar akwai hannun wanda ya sha ruwan Jos a ciki.

Sannan ga wuraren ɗauka. Duwatsun Shere suna nan gabas da gari, ga Dutsen Riyom da ya yi kamar wani ne ya jera shi da hannu, ga ruwan Assop a gangaren Hawan Kibo. Darakta ba ya wahalar neman inda zai kafa kyamara. A rana ta biyu na shiga situdiyon wani babban yayanmu a sana'a, edita ne da ya daɗe. Cikin awa uku da na yi a wurinsa, labari huɗu na samu ba tare da na motsa daga kujera ba. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ko ɗagowa bai yi daga kwamfuta ba ya ce, "Ƙanina, wannan ai ba abin shawara ba ne. In fim kake so ka sani, zauna a Jos. Me za ka rubuta a Bauchi, labarin masa?"

Na yi dariya, kuma a raina na ce magana ta ƙare. Da yamma na zaga kasuwar Farin Gada, na ga kabeji da karas da koren wake da dankalin Turawa jibge kamar ba kuɗi ake saye ba. Na ce lallai amarya za ta yi girki. Na bi ta Taminus, inda babbar kasuwar nan ta ƙone a 2002, na ga yadda ciniki ke gudana a titunan da ke kewaye. Gari ne mai rai, kowa yana sauri.

Ranar ta uku ce ta sanyaya mini gwiwa. Na je wajen dillalin gidaje. Kafin ya tambaye ni nawa ne a aljihuna, sai ya tambayi sunana. Da na faɗa, sai ya fara lissafo unguwanni: Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos, Dilimi, Bauchi Road. Na ce, "Malam, akwai wani gefe da na gani jiya mai fili da iska, can fa?" Ya girgiza kai ya ce, "Ba na ce ba za a ba ka ba. Amma kai baƙo ne, kuma amarya za ka kawo. Zauna inda in wani abu ya taso ba sai ka yi gudu ba."

Ba ƙirƙira ya yi ba. Tun rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na 2010, zaman garin ya sake. Mutane da yawa sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, Musulmi suka tattaru a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Wani abokina Kirista mai ɗaukar hoto, wanda muka sha cin abinci a kwano ɗaya a lokeshan, ya ce shi ma abin da dillali ke gaya masa ke nan, sai dai a juye. A wurin aiki da kasuwa da filin ƙwallo kowa na kowa ne. Da magariba sai kowa ya nufi ɓangarensa. Kuma ko a Agusta 2021 sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa.

Abin da wannan ya haifar wa mai neman haya shi ne cunkoso. Jama'a sun yi yawa, fili bai ƙaru ba. Gida biyar aka nuna mini. Biyu a kan dutse suke, sai ka yi hawa kamar mai zuwa farauta, ruwa kuma sai na 'yan garuwa. Ɗaya yana dab da rafi, ni kuwa ban manta ambaliyar da ta yi ɓarna a Rikkos a 2012 ba. Wanda ya kwanta mini, ciki da falo ne a gidan haya mai mutum bakwai, kuɗinsa kuma ya haura abin da na tanada.

Kada a fahimce ni a karkace. Dubban mutane suna zaune a Jos cikin rufin asiri, suna aure suna haihuwa, kuma in ka ce su bar ta za su yi maka kallon mahaukaci. Wanda aka haifa a can ya san lungu, ya san maƙwabci, ya san wanda zai buga wa waya. Ni baƙo nake shirin zama, da baƙuwa.

A KAN HANYA

Ranar ta biyar na hau mota a tashar Bauchi Road. Da ka wuce Babale ka shiga Tilden Fulani, ka bar Filato ka shiga Jihar Bauchi, amma sanyin bai san iyaka ba, yana bin ka har wajen Magama Gumau, garin su Jamila Nagudu. Ga mai son tarihi, a wannan yanki na Toro aka ɗauki fim ɗin Turawan nan Mister Johnson da ya fito a 1990, wanda Pierce Brosnan ya fito a ciki kafin ya zama James Bond. Mu 'yan Toro muna da abin yin baki, ko da yake ba a cika tambayar mu ba.

Na sauka a gida na kwana. Da na ba Inna labarin Jos, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Duk na ji abin da garin zai ba ka. Ita yarinyar me zai ba ta?" Na ce, "Inna, ai abin da ya ba ni ya ba ta." Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Washegari na ci gaba. Daga Nabordo hanya sai gangara take yi. Kafin ka iso Zaranda, inda dogon dutsen nan ke tsaye a gefen titi, ka cire suwaita ka cusa a jaka. Bauchi tana ƙasa da Jos da kusan rabin tsayi, kuma jikinka ne zai fara gaya maka.

BAUCHIN YAKUBU

Bauchi gari ne na sarauta. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta, kuma har yau sunayen ƙofofinta suna bakin jama'a: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Idi da sauransu. Ta zama babban birnin jiha a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi da Jihar Filato gaba ɗaya. Wato a takarda sa'o'in juna ne, a hali kuwa kowa da nasa.

Abin da ka fara lura da shi shi ne natsuwa. Tituna masu faɗi, ba a cika gudu ba, mai shago yana da lokacin amsa gaisuwa har da tambayar mutan gida. Na sauka a wajen wani abokin karatuna. Da safe ya ce sai na fara da abin da ya kamata, ya kai ni wajen mai masa. Mutanen Kano, ku yi haƙuri, a nan ba a cewa waina. Masar Bauchi fara ce sol, mai laushi, ta shinkafa, in ka so da miya, in ka so da ƙuli da yaji. Na tuna da maganar yayanmu edita, na ce a raina ko labarin masar ne ai ya isa shafi guda.

Garin bai rasa nasa tarihin fim ba. Na je kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a Janairu 1966. Matasa da yawa ba su san cewa shi ya rubuta littafin Shaihu Umar ba, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi bidiyo. Ga kuma Yankari, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga gari, da giwayenta da ruwan Wikki mai ɗumi rani da damina. Ga dam ɗin Gubi da ke ba garin ruwa. Wuraren ɗauka dai akwai su.

Abin da babu shi ne yawan masu ɗaukar. Gaskiya ɗaya ce, in ka auna da Jos, harkar fim a Bauchi ƙarama ce. Akwai matasa masu ƙoƙari, suna shirya masu dogon zango suna sawa a YouTube, akwai mawaƙa, amma kwana uku na yi kafin in samu labarin da na samu cikin awa uku a Jos. Gari ne na ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga manyan kwalejojin kimiyya da fasaha guda biyu. Wani ɗan kasuwa a Wunti ya ce mini su ba sa duba kalanda, in suka ga kasuwa ta cika sun san an yi albashi. Sannan ga zafi. A watan Maris da Afrilu rana takan kusanci digiri 40, ɗaki ya zama tanda. Wuta kuwa kada ka sa ta a ma'auni, kamfanin rarraba wuta ɗaya ne ke kula da garuruwan biyu.

Ita ma Bauchi ba a ce ba ta taɓa ganin tashin hankali ba. Ta gani a 1991, ta gani bayan zaɓen 2011. Amma da na je wajen dillali, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Nawa ka tanada?" Ya zaga da ni Fadaman Mada, ya kai ni Wuntin Dada, ya kai ni wajen Yelwa. Kuɗin da bai ishe ni ciki da falo a Jos ba, a nan ya kama mini ciki biyu da falo, da ɗan tsakar gida, da rijiya. Wannan abin da ni na gani ne a makon da na je, ban ce haka yake ga kowa ba.

Kafin in tafi na je gaida goggon amarya, ƙanwar mahaifinta, wadda ke aure a cikin gari. Ta sa aka kawo mini ruwa da fura, ta yi ta tsokana ta wai angon fim. Da zan tashi ta ce, "In Allah ya sa nan za ku zauna, ka kwantar da hankalinka. Ɗiyata ce. Ko tari ta yi zan ji."

YADDA NA YANKE

A daren ƙarshe ina kwance ina juyi. Zuciya ta ce Jos, aljihu ya ce Bauchi. Can sai waya ta yi ƙara: wani furodusa ne, yana so in bi su lokeshan na kwana goma. Na amsa masa. Bayan na ajiye wayar sai wani tunani ya zo mini. Na ɗauko littafin da nake rubuta tafiye-tafiyena, na ƙirga kwanakin da na yi a waje a bara. Wallahi sun fi waɗanda na kwana a ɗaki.

Sai na kira mutuniyar. Na zayyana mata komai, sanyin Jos, kabejin Farin Gada, situdiyo, masa, rijiya. Na ce ta faɗi ra'ayinta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, duk inda ka ce nan ne. Amma ka tuna, kai garin da za ka riƙa dawowa kake zaɓa. Ni kuwa garin da zan zauna."

Nan na gane abin da Inna take nufi. Kwana takwas ina auna garuruwa biyu da mudun ɗan jarida: ina labari, ina 'yan fim, ina hoto zai yi kyau. Ban auna su da mudun wadda za a bari ita kaɗai a gida kwana goma ba. In zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare ina Kano, wa zai kai ta asibiti? In aka sa dokar hana fita ina wani gari, wa zai leƙa ta? A Jos ina da abokan aiki da yawa, amma ba ni da wanda zan ce wa "ga amanar gidana". A Bauchi akwai Goggo.

Aikin kuma da nake tsoron rasawa, da na duba sai na ga yana da ƙafa. Yau hira ta waya ake yi, hoto ta WhatsApp yake zuwa, labari kuma daga ko'ina kake iya tura shi. In ina son situdiyon yayanmu, in na yi asubanci ƙarfe tara ina Jos, in tsaya a gida in gaida Inna a hanya, in dawo in kwana a ɗakina. In Kano ce, ta Ningi da Birnin Kudu zan bi, kusan tafiya ɗaya ce da ta wanda ya taso daga Jos ta Saminaka. Zan yi asarar wasu labaran da sai kana zaune a wurin suke faɗo maka, wannan na sani, kuma na yarda. Kuɗin mota ma zai ƙaru. Amma na gwammace in biya kuɗin mota da in riƙa aiki rabin hankalina yana gida.

Ga 'yan'uwana matasa masu rubuto mana wasiƙa suna tambayar garin da ya kamata su koma don shiga fim, amsata ba ta canza ba. In kai kaɗai ne, jakarka a kafaɗa, kana son ka koyi kyamara ko tace hoto ko haske, tsakanin waɗannan biyun tafi Jos, kada ka yi wata-wata. Amma ranar da za ka ɗauko 'yar mutane, sake lissafi daga farko. Je ka garin ranar Talata, ba ranar biki ba. Zauna da dillali ka ji tambayar da zai fara yi maka. Tambayi inda ake samun ruwa a watan Afrilu. Sannan ka lissafa mutum nawa za su buɗe maka ƙofa ƙarfe biyun dare. In amsarka ta faɗa kan Jos, to Jos ɗin ce taka, domin wani can goggonsa take.

Na koma wajen Baba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na durƙusa na ce, "Baba, Bauchi." Ya ce, "Dalili?" Na ce, "Saboda ranakun da ba na nan." Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Allah ya sa albarka. Je ka ka biya kuɗin gidan kafin wani ya riga ka."

Na biya. Yanzu ana fenti. Mutanen Jos kuma kada ku ce na guje ku: suwaitata tana nan rataye a situdiyon yayanmu, na bar ta da gangan. Biki bayan Sallah ne in Allah ya kai mu, kuma duk wanda ya zo, masa ba za ta yanke ba.